Kundin aikin tsibiri: abin da muke gani a tafkin Legas

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau muka tsayar da magana a ɗakin malamai. Za mu ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan tsibiran tafkin Legas, wanda babu gida ko ɗaya a kansa, mu yi ta binsa har damina ta zagayo, mu rubuta yadda ƙasarsa take, abubuwan da ke rayuwa a cikinsa da abin da ya wuce a kansa. Daga nan mu haɗa ɗan littafi da Hausa domin ɗalibanmu.

Makarantarmu a Agege take. Yawancin yaran a nan aka haife su, iyayensu 'yan goro ne, mahauta, direbobi da masu awo. Suna iya lissafa mini kogunan da ke zuba a tafkin Chadi, don yana cikin darasi. Amma da na tambaye su daga ina ruwan da ke ƙarƙashin gadar Third Mainland yake fitowa, ina kuma ya nufa, sai aji ya yi tsit. Abin ya tsaya mini a rai, domin a bakin ruwan nan za su yi rayuwarsu.

Masu aikin: ni mai koyar da labarin ƙasa, Malama mai koyar da ilimin halittu, sai Kawu, ƙanin mahaifiyata, Basarke daga ƙasar Yawuri, wanda ya daɗe yana su a wajen Ikorodu har Yarbanci ya zauna a bakinsa. Yara ba za su hau ruwa ba. Mu za mu je mu kawo, su yi aiki a kai a aji.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ba mu samu ƙetarawa ba. Kainuwa ta rufe mashiga ruf, injin ƙaramin jirgi ba zai ratsa ta ba. Ba irin kainuwar kududdufan Arewa ba ce mai ganye a baje. Wannan tana da kumburarren kara da fure mai ruwan shuni-shuni. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, a 1984 aka fara ganinta a ruwan Badagry, ta shigo ta Jamhuriyar Benin. Kawu ya ce in kwantar da hankalina, gishiri na nan tafe, shi ne maganinta.

A kan wannan maganar tasa muka zauna a bakin gaɓa muka zana taswirar farko. Kogin Ogun yana gangarowa daga arewa, ya shiga tafkin ta rafukan Agboyi da Majidun. Ta gabas, ruwan ya ƙuntata a wajen Epe ya haɗe da tafkin Lekki, inda kogin Osun yake zuba. Ta yamma, rafin Badagry ya miƙe har Porto-Novo. Duk wannan ruwa baki ɗaya ne gare shi zuwa teku a nan kusa, mashigar da manyan jirage ke bi su shiga tashar Apapa. Da damina ruwan koguna ya fi ƙarfi, sai ya tura na gishiri waje. Da rani koguna sun ja baya, teku ta kutso ciki. Duk abin da za mu gani a tsibirin yana rayuwa ne a tsakanin wannan ture-turen. Mafi yawan tafkin kuwa ba shi da zurfi, a wurare da dama gora tana taɓa ƙasa, in ban da hanyoyin da aka haƙe wa jirage.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun sauka a tsibirin.

Wanda ya kai mu wani dattijo ne Bayerabe, abokin aikin Kawu, da kowa ke ce wa Baba. Ya ba kowa rigar kariya kafin ya tayar da inji, ya kuma gindaya sharaɗi: ba yanke reshe, ba ɗaukar ƙwai, kuma sai mun dawo da rana tsaye, don ba a tafiyar dare a ruwan nan. Muna tafe muna hango hayaƙin tashar wutar Egbin a Ijede, wadda aka gina ta bayar da megawat 1,320.

Baba ne ya zaɓi ranar, ba mu ba, kuma da lissafin wata ya zaɓe ta. Ruwan tafkin yana cikowa ya janye sau biyu a yini da kwana, kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. A tsayuwar wata da tsakiyarsa cikowar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa, domin a lokacin rana da wata suna jan ruwa a layi ɗaya. Yau tsakiyar wata muke. Mun shiga da cikowa, jirgi ya kai mu har gindin tudu, sannan muka tsaya muka ga ruwa yana barin laka a fili. Kawu ya ce a Yawuri sau biyu a shekara Kwara take cika, farin ruwa na damina da baƙin ruwa da ke isowa da hunturu daga can ƙasar Gini, ya zo nan ya tarar da ruwan da ke yin hakan sau biyu a rana. Ya ce sai da ya sake koyon su daga farko.

Girman tsibirin bai wuce filin ƙwallo biyu ba idan ruwa ya janye, idan ya ciko kuwa kusan rabinsa ya nutse. Tsiron da ke kai a jere yake, kowanne da iyakarsa. Daga waje, itatuwan mangurof ja, masu tsirowa a lakar ruwan gishiri, su ne suka kewaye shi, tsaye a kan saiwoyi masu lanƙwasa da suka fito daga jikin kututture suka soke cikin laka. A reshensu 'ya'ya suna reto, dogaye, koraye. A kan uwar suke tsirowa, sai sun yi tsawo su faɗo, wani ya kafe a laka nan take, wani ruwa ya tafi da shi ya dasa shi a wata gaɓar. Bayansu akwai farin mangurof, wanda saiwoyinsa suke ɓullowa daga ƙasa birjik, sirara, tsaye, domin su sha iska, tunda lakar babu iska a cikinta. Malama ta tsinki ganye ɗaya da ya faɗi ta nuna mini bayansa a rana: ƙananan ƙwayoyi farare. Na lasa, gishiri ne zalla. Itacen yana shan ruwan ya fitar da gishirin ta ganye.

Daga nan sai ciyawa, sai ɗan tudun yashi a tsakiya, wanda ruwa ba ya kaiwa. A kansa akwai 'yan bishiyoyin kwakwar manja, kwakwa, da aduruku a jere. Aduruku ba ya jera kansa. Na nuna wa Kawu, ya tambayi Baba, Baba ya yi murmushi ya ce wannan maganar ba a cikin jirgi ake yinta ba, sai mun je gaida Baale, wato dagacin ƙauye a wajen Yarabawa.

Mun yi alwala da ruwan tafkin muka yi azahar a kan tudun.

Asabar, 14 ga Disamba

Hazo ya sauko, gaɓar Ikorodu ta ɓace tun ba mu yi nisa ba. Kainuwa ta fara ƙonewa, ganyenta ya yi ja, tana ruɓewa a gefe. Maganar Kawu ta tabbata.

Yau ranar Malama ce. Ta sa muka zauna shiru a bakin laka, ba motsi. Da fari ba ka ganin komai sai taɓo. Can sai ƙasa ta fara motsi. Ƙaguwoyi ƙanana suka fito daga ramuka, namijin yana da hannu ɗaya ƙato, ɗayan ɗan mitsitsi. Da ƙaramin yake ɗibar laka yana kaiwa baki, babban kuwa ɗaga shi yake yi yana saukewa, yana kiran mace yana gargaɗin maƙwabci. Sai kuma kifin da ya fi ba ni mamaki, mai fitowa tudu. Idanunsa a saman kai suke, tulu-tulu, yana dogara ƙafafun gabansa na iyo yana jan jiki a kan laka, har saiwa yake hawa. Muddin fatarsa da jiƙa yana numfashi ta cikinta, shi ya sa kowane ɗan lokaci yake mirginawa a cikin taɓo. Ɗaya ya zo kusa da takalmina ƙwarai, na motsa yatsa, ya yi tsalle-tsalle a kan ruwa ya shige rami.

A jikin saiwoyin mangurof kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu, ta manne, daidai iyakar da ruwa ke kaiwa. A ƙasa kuma ƙananan dodon koɗi masu tsini, irin waɗanda mata ke sayarwa a kwano a Oyingbo da Mile 12. Da yawa daga cikin yaranmu sun san su a kasuwa, ba su san daga irin wannan wurin suke fitowa ba.

Tsuntsaye: belbela, zalɓe, shirwa tana shawagi, da wani mai baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike kafin ya faɗa ruwa ya fito da kifi. Akwai kuma masu dogon baki lanƙwasasshe da ke caccakar ramin ƙaguwa. Waɗannan baƙi ne, a can arewacin duniya suke ƙyanƙyasa, sanyi ya koro su zuwa gaɓar Afirka ta Yamma.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ba mu je tsibiri ba, ƙauye muka je. Na riƙe goro mai kyau daga Agege. Baale ya karɓe mu a zaurensa tare da wasu dattawa, Kawu yana tafinta.

Na fara da cewa mun zo neman izini a kan tsibirin da ba kowa. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya yi magana mai ɗan tsawo. Kawu ya juyo ya ce mini: "Ɗana, cewa ya yi babu mai kwana a can, amma akwai masu shi." Sai suka warware mana. Tsibirin na wani gida ne a ƙauyen. Kakanninsu kan yi bukka a kan tudun idan kifi ya yi yawa, su ƙyafe shi a can, su dawo. Adurukun da muka gani, wanda Yarabawa ke kira akoko, kuma da ganyensa suke naɗin sarauta, shi ne iyaka tsakanin rabon 'yan'uwa. Kwakwar manjan akwai mai hawanta. Ruwan da ke kewaye ma a rabe yake: wancan gefen wane ke kafa rassa a ciki domin kifi ya taru, wannan gefen na wane ne. Aka ba mu izinin shiga, aunawa da kafa turaku. Aka roƙe mu abu ɗaya, kada mu buga sunan wurin ko alamar da za ta kai mutum can. Mun yi alkawari, shi ya sa ba za a ga sunan a kundin nan ba.

Tsoronsu yana da tushe. A Legas, duk ƙasar da aka ce ba kowa a kanta, wani yana yi mata lissafi. Banana Island da ke Ikoyi da yashi aka cike ruwa aka yi ta, kuma har yau ana irin wannan cikon a gaɓoɓin tafkin. Gardamar ma tsohuwa ce. Lokacin da gwamnatin Turawa ta karɓi filin Apapa, ta ɗauka ba sai ta biya cikakkiyar diyya ba. Amodu Tijani, mai riƙe da sarautar Oluwa, ya kai ƙara har Landan tare da rakiyar Herbert Macaulay, a 1921 kotun ƙoli ta daular Ingila ta tabbatar da cewa ƙasar ta jama'arsa ce, aka biya fam 22,500. Daga baya dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Mutanen ƙauyen nan ba su da takarda a kan tsibirin, shaidarsu tana bakin dattawa da jikin bishiyoyi. A ganina wannan babin ne zai fi kowanne amfani ga yaranmu, don su ma da yawansu iyayensu suna da gona a gida wadda aduwa ko kuka ce kaɗai shaidar iyakarta.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Tun Oktoba Malama ta ɗebi ruwan tafkin a gora, yara suka zuba a faranti suka shanya, ya bushe bai bar komai ba sai ɗan jan ƙura. Yau muka kawo wani daga wuri ɗaya. Bayan ya bushe a tagar aji, gindin farantin ya yi fari fat. Ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, na tafkin kuwa yana hawa da sauka a ƙasa da haka gwargwadon lokaci. Yanzu yara sun gani da idonsu, har wasu suka ɗanɗana.

Mun kafa turaku a gefen da ke fuskantar hanyar jirage, muka auna tazararsu da bakin gaɓa. Wurin haƙa rami muka ci karo da fasassun tukwane da baƙar ƙasa mai gawayi, daidai inda dattawa suka ce ana ƙyafe kifi. Mun ɗauki hoto muka mayar da su muka rufe.

Guza ƙato ya fito daga ciyawa ya faɗa ruwa. Baba kuma ya nuna mana wani gefe da aka datse ciyawar bakin ruwa, ya ce aikin ayu ne. Malama ta rubuta shi a shafin alamu, daban da shafin abin da muka gani ido da ido. Ayu ciyawa yake ci, ɗa ɗaya mace take haifa bayan ta daɗe da ciki, saboda haka idan aka kashe shi ba ya saurin mayar da gurbi. Dokar kare namun daji ta 1985 ta haramta farautarsa. Mu Hausawa muna da hannu a wannan, domin kasuwar man ayu tamu ce. Zan rubuta hakan a littafin ba kwana-kwana.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi, mun ajiye shiga ruwa. Na yi amfani da lokacin na haɗa babin tarihi.

Kafin titin mota da jirgin ƙasa, tafkin nan shi ne babbar hanya. Kayan ƙasar Ijebu ta kasuwannin Ejinrin da Ikorodu suke bi zuwa Ikko a kwale-kwale. A Disamban 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko suka mayar da Akitoye. Kosoko ya ƙetara ruwan nan ya zauna a Epe da jama'arsa da kwale-kwalensa na yaƙi, ya hana Legas sakat. A 1854 wakilan ɓangarorin suka yi zaman sulhu a wani ƙaramin tsibiri na tafkin, wanda ake kira Palaver, ba namu ba. A 28 ga Satumban shekarar aka sa hannu a yarjejeniyar Epe da jakadan Ingila Benjamin Campbell. A 1861 Sarki Dosunmu ya sa hannu a takardar da ta miƙa Legas ga Ingila.

Daga nan Hausawa suka shigo labarin. A 1863 John Glover ya kafa ƙaramar runduna ta Hausawa, yawancinsu waɗanda suka kuɓuta daga bauta, kuma daga ita sojan Najeriya ke lissafa farkonsa. A 1865 an ƙetara da dakaru ta ruwan nan aka kori mayaƙan Egba daga kewayen Ikorodu. A 1892 rundunar da ta ci Ijebu a Imagbon ta tafkin ta bi zuwa Epe, da Hausawa a cikinta. Ba labarin alfahari zalla ba ne, don aikin mai mulkin mallaka suke yi, kuma haka zan faɗa wa yara. Amma ya kamata su san cewa masu yarensu sun ratsa ruwan nan tun kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911.

Asabar, 12 ga Afrilu

Turke ɗaya ya faɗa ruwa. Gaɓar da ke ƙarƙashinsa ta zaftare, saiwoyin ciyawa suna reto a fili. Sauran turakun, waɗanda ke bayan mangurof, suna nan yadda muka bar su. Wurin da ya zaftaren shi ne inda aka taɓa sare itatuwan aka yi makamashi, kuma shi ke karɓar igiyar ruwan da jiragen fasinja masu gudu suke tayarwa.

A hanya mun wuce masu ɗibar yashi. Mutum ya bi gora ya nutse da bokiti, ya fito ya miƙa, ya sake komawa, har sai jirgin ya cika bakinsa ya kusa daidai da ruwa. Aiki ne mai cin jiki, kuma da yashinsu ake gina garin. Can gaba kuma injin zuƙo yashi ne da dogon bututu, ruwan da ke kewaye da shi ya yi jajir. Baba ya ce tun da injinan suka yawaita ƙasan ruwa ya yi ramuka, karfasa ta ragu a gefen nan.

Kawu ya daɗe yana kallon gaɓar da ta zaftare. A jirgi ya ce mini: "Ka rubuta komai, ɗana, har da inda kowace bishiya take." Gungun da aka haifi mahaifinsa yana ƙarƙashin ruwan Kainji. Da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirin Foge da gungaye da dama, aka tayar da mutum sama da 40,000. Ya ce an gina musu sababbin gidaje, amma yau idan jikokinsa suka tambaye shi yadda gungun yake, ba shi da abin nuna musu. Saboda haka na ƙara aiki a kan wanda muka tsara: kowace babbar bishiya ta tudun za ta samu lamba a taswira.

Asabar, 24 ga Mayu

Ruwan sama ya kankama, mun dawo sharkaf. Masu dogon baki sun tafi, shirwa ma ta yi arewa. Marai sun cika kwakwar manja da sheƙa, sun yayyage ganyenta suna saƙa, hayaniyarsu ta cika tudun.

Ruwan farko ya wanko kwatocin gari. Ledar ruwa, robobin lemo, silifa da farin mazubin abinci sun maƙale a tsakanin saiwoyi, duk da cewa jihar Legas ta haramta mazubin tun Janairun 2024. Mun cika buhunan da muka zo da su. A ƙarƙashin ledojin da suka kwanta a laka babu ramin ƙaguwa ko ɗaya.

Asabar, 28 ga Yuni

An gama lambar bishiyoyi. Yaran aji biyar sun zana taswira biyu, ta cikowa da ta janyewa, wata yarinya kuma ta zana kifin tudu daga hoto har da yadda yake dogara ƙafa. Babin ƙasa da na halittu sun kammala, na tarihi yana hannun wani malami yana duba Hausarsa.

Mun kai wa Baale kwafin taswirar, mai ɗauke da iyakokin aduruku kamar yadda dattawa suka faɗa. Wadda za ta shiga littafi ba ta da suna, ba ta da alamar arewa. Dattawan sun yarda mu tsinci 'ya'yan mangurof da suka faɗi mu dasa a gefen da ya zaftare, samarin gidan masu tsibirin za su yi aikin tare da mu. Baba ya ce a bari sai ruwan sama ya ɗan tsagaita a Agusta, a kuma zaɓi tsayuwar wata, lokacin da laka za ta fito sosai. Malama za ta tanadi igiya da sababbin turaku, ni kuma kuɗin mai.